Likita Ta Koma Asibiti

Ɗana Injiniya,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kuma aikin madatsar ruwan nan bai gama tsotse ka ba. Direban motar da ke kai muku kayan abinci ya ce ka yi baƙi ka rame. Na ce masa baƙin dai da shi aka haife ka, ramar ce sabuwa. Mu nan lafiya lau, sai gwiwata da ke tuna mini shekaruna duk sanda na taka keken ɗinki. Tunda waya ba ta shiga wajen naku, sai ka yi haƙuri da rubutun innarka.

Zancen mahaifiyarka ne ya sa na ɗauki biro. An dakatar da Yaya daga aiki. Na san ba za ta gaya maka ba.

Wani magini ne ya kawo 'yarsa asibiti da zazzaɓi, yarinya 'yar firamare. Aka yi ta yi mata allurar da ta fi ƙarfin jikinta. Zazzaɓi ya sauka, amma yarinya ta tashi ba ta ji. Aka ce wa uban zafin ciwon ne ya taɓa kunnen, ya yarda, har yana godiya. Ba Yaya ce ta duba ta ba, amma da ta ga abin da aka ba ta, sai ta sami shugaban asibiti ta ce a gaya wa mutumin nan gaskiya, a kuma nema wa yarinyar abin ji, na'urar da ake sawa a kunne, tun da sauran dama. Ya ce a bi a hankali. Kai ka san mahaifiyarka da "a hankali". Ta jira, ta ji shiru, sai ta kira maginin ofishinta ta faɗa masa komai. Yanzu sun ce ta tona asirin ma'aikata, ta zauna a gida sai kwamiti ya gama bincike. Likitocin sashen duk sun sa hannu a ƙorafin, har da ƙaramin likitan nan mai tabarau da yake zuwa gidan nan tana koya masa karatu, ni ina zuba masa abinci.

Na zaci za ta huta. Ina! Falonmu ya koma asibiti. Tun safe mutane ke sallama da hoton ƙirji da ledar magunguna. Ba magani take ba su ba, bayani take yi musu na abin da aka faɗa musu can ba su gane ba. Wasu ma sai ta sa takalmi ta raka su, ta tsaya a bayansu kamar 'yar'uwa tana yi wa likita tambaya. Jiya wata tsohuwa ta zaune mini yadin mutane da na goge.

Abinci ne dai ba ta ci sosai. Ta ce zaman gida ne ya kashe mata ci.

Ka kula da kanka.
Innarka

*

Inna,

Amin, wa alaikumus salam. Takardarki ta same ni lafiya. Ki ce wa direba ya riƙa kallon hanya, ya bar kallon wuyana. Ki kuma rage taka keken nan, gwiwa ba ta da kayan gyara.

Tun da na karanta labarin Mama raina yake a ɓace. Ƙuruciyarta duk a asibitin nan ta ƙare, tawa ma a can ta ƙare, ina zaune a benci ina jiran ta fito. Kin tuna ranar da na gama jami'a? Ke kika zo, ɗankwalinki a karkace don sauri. Ita tana gaban wani kwamitin, a kan wata mai jego da aka sallama jikinta bai yi ƙwari ba. Na ce mata ban riƙe ta ba. Gaskiya na riƙe kaɗan. Amma na riƙa ce wa kaina ai aikinta ne, kuma wata rana za su san darajarta. To ga darajar da suka sani.

Shi kuma mai tabarau, Allah ya sa kada mu haɗu.

Don Allah ki gaya mata saƙona yadda na faɗa: ko sun zo da gwiwa a ƙasa, kada ta koma. Ta yi nata. Maginin ya ji gaskiya, saura kuma ya rage nasu.

An sa ni a jerin masu hutu na ƙarshen wata, kafin ruwa ya yi ƙarfi. Zan zo. So nake mu zauna mu uku mu ci abinci, a rufe ƙofa, duk wanda ya ƙwanƙwasa ni zan fita in ce Likita ba ta nan. Ki sa ta ta ci abinci kafin nan.

Ɗanki

*

Ɗana,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Ni lafiya.

Ba zan tsawaita ba, direba yana jira a ƙofa. Na gaya wa Yaya saƙonka. Amma ta koma asibiti tun makon jiya. Tana sashen mata, wurin da ta saba. Kullum ina kai mata abinci can.

Ta ce akwai maganar da take so ta yi da kai, baki da baki, ba a takarda ba. Hutun nan naka na ƙarshen wata, ka riƙe shi da kyau. Kada ka ɗaga.

Innarka

*

Inna,

Amin, wa alaikumus salam. Ina lafiya, sai ruwa da ya fara damun mu.

Wato ta koma. Ban yi mamaki ba, amma abin ya yi mini ciwo. Mutanen da suka kore ta kamar ɓarauniya, sun yafuto ta da hannu, ta sa farar riga ta tafi. Sun ba ta haƙuri kuwa? Sun gaya wa maginin gaskiya da bakinsu? Ba ki faɗa ba, na kuma san dalili. Har abinci sai an kai mata, ke nan ta koma halinta na da, ba ta dawowa gida sai an share ƙofar asibiti.

Maganar da take so mu yi baki da baki ma na san ta. Za ta ce mini marasa lafiya ba su yi mata laifi ba, ba za ta bar su don fushin shugabanni ba. Na haddace wannan karatun tun ina ɗan makaranta.

Saboda haka na ba abokin aikina hutuna. Matarsa ta haihu bai ga jaririn ba, shi akwai masu jiransa a gida. Ni in na zo, ƙeyar Mama kawai zan gani da safe tana fita. Zan zo bayan damina, in Allah ya yarda, wataƙila lokacin sun sake korar ta, sai in same ta a gida.

Ki yi haƙuri, Inna, ba da ke nake ba. Ki gaishe ta.

Ɗanki

*

Ɗana,

Assalamu alaikum. Ban ma san ta inda zan fara ba.

Ba aiki Yaya ta koma ba. Kwance take. Ciwon daji ne a hanta, kuma ya yi nisa. Ita ta riga kowa ganewa, tun kafin a dakatar da ita. Ranar da ta faɗi a banɗaki muka kai ta, sai ta riƙe mini hannu ta ce, "Kada ki rubuta masa. Ba na son yaron nan ya karanta wannan a takarda, shi kaɗai a cikin daji, ba mai kallon fuskarsa. Ni zan gaya masa, ina kallon sa."

Na ce, "Yaya, ɗanki ne fa."

Ta ce, "Ciwona ne kuma. Mara lafiya shi ke da ikon faɗin ciwonsa. Shekara da shekaru ina faɗa da mutane a kan wannan, ke ma sai na yi da ke?"

Ƙarya ba zan iya yi maka ba, faɗa kuma an hana ni. Shi ne na rubuta abin da na rubuta, ina cewa za ka ga gajartar takardar ka gane. Ban kawo a raina za ka ɗauka aiki ba ne.

Yau na ce mata ka ɗaga hutu. Sai ta ce, "To rubuta masa. Ki faɗa a sarari."

Ga shi na faɗa. Ka taso ranar da wannan ta same ka. Kada ka tsaya neman izinin kowa. Tana magana, tana gane mutane, amma kullum ƙarfinta raguwa yake yi.

Innarka

*

Ɗana,

Assalamu alaikum. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Allah ya karɓi ran Yaya jiya da hantsi. Ina wurin. Ba ta sha wahala a ƙarshe ba, barci ne ya ɗauke ta ta wuce a ciki. An yi mata sutura da yamma. Jama'ar da ta zo, titinmu bai ɗauke ta ba, kuma rabinsu ban san su ba.

Sai a wurin ne direba ya same ni yana kuka, ya ce ruwa ya cinye gadar hanyarku, takardata ta baya tana nan a cikin motarsa. Ni kuwa kullum idona a ƙofar ɗaki, ina cewa yau za ka shigo. Na ba ofishin kamfaninku wannan da waccan, sun ce za a haye da su a kwalekwale.

Ka zo a hankali. Yanzu babu sauri.

Allah ya jiƙanta, ya ba mu haƙuri.
Innarka

*

Inna,

Assalamu alaikum. Na dawo bakin aiki lafiya. An yi gadar wucin gadi, mota tana wucewa. Yaya gwiwa, yaya kuma kaɗaici? Ki riƙa kiran maƙwabciyarmu ta taya ki kwana.

Zaman da na yi a gida ban yi miki maganar kirki ba, ki yafe mini. Mutane sun yi yawa, kowa da labarin abin da Likita ta yi masa, ni kuma ina ta gyaɗa kai kamar baƙo. Ban gaya miki ba, takardun nan biyu tare aka miƙo mini su, kuma ta biyun na fara buɗewa. Sai da na gama sanin ta rasu, sannan na karanta inda kika ce in taso tana gane mutane.

Akwai abin da na kasa tambayar ki ido da ido. Takardar da na rubuta cikin fushi, wadda na ce wataƙila su sake korar ta, ta gani? Ki gaya mini gaskiya. Na sake karanta taki gajerar har ta fara yagewa. Komai yana ciki, Inna. Yaushe kika taɓa rubuto mini takarda ba ki zolaye ni ba? Ni ne na karanta abin da na riga na yanke a raina.

Sai magana ta biyu. Shugaban asibiti ya ja ni gefe ranar da ya zo gaisuwa, ya ce suna so su sa wa sashen mata sunan Mama, a kafa allo a ƙofa, amma sai iyali sun yarda. Na ce zan yi tunani. Na yi. Ki je ki ce masa mun yarda, bisa sharaɗi ɗaya: su kira maginin nan, su gaya masa da bakinsu abin da ya sami 'yarsa. In ba za su iya ba, su bar sunanta inda yake. Idan kina ganin na yi tsauri, ki faɗa mini.

Ɗanki

*

Ɗana Injiniya,

Amin, wa alaikumus salam. Gwiwa da sauƙi. Maƙwabciya tana zuwa, amma munsharinta ya fi kaɗaici damuna.

Ta ga takardarka. Ɓoye ta na yi, sai ta hango ta a jakata, ta ce in karanta mata, kada in tsallake ko kalma. Na karanta. Da na zo wurin "wataƙila sun sake korar ta", dariya ta kama ta har sai da nas ta leƙo. Ta ce, "Kin ji shi ko? Duk garin nan ba wanda ya yi fushi a kan abin da aka yi mini kamar yaron nan." Da dariyar ta lafa kuma sai ta yi hawaye. Ta ce, "Gaskiyarsa ce fa. Ya sha jira." Ba zan ce maka abin bai taɓa ta ba, ya taɓa ta. Amma ba ta tafi da fushinka ba. Ta tambaye ni labarin abokin aikin naka, mace aka haifa masa ko namiji, na ce ban sani ba.

An so a ba ta ɗaki ita kaɗai, ta ƙi, ta ce a kwantar da ita cikin mutane. A gadon kusa da ita akwai wata tsohuwa da za a yi wa aiki a ciki. Likitoci suka zo zagayen safe, suka yi maganarsu a kanta da Turanci, suka juya za su wuce. Yaya, da muryar da ba ta fi ta sauro ba, ta ce, "Ku dakata. Baba, kin san me za a yi miki gobe?" Tsohuwa ta ce, "An dai ce in daina cin abinci." Yaya ta kalle su kawai. Duk suka dawo. Daga ranar ba wanda ya ƙara wuce gado a ɗakin nan bai yi bayani ba, aƙalla muddin tana kallo.

Mai tabarau shi aka sa ya riƙa duba ta. Da farko ko ido ba ya iya haɗawa da ita. Wata rana ta ce masa, "Likita, me gwajin jiya ya nuna?" Ya fara kame-kame. Ta ce, "Ba haka na koya maka ba. Kalle ni ka faɗa." Ya kalle ta ya faɗa, yana kuka. Ta ce, "Yauwa. Amma kukan ka bari sai ka fita, mara lafiya bai kamata ya rarrashe ka ba."

Na je wurin shugaban asibiti da saƙonka. Ya ba ni ruwan sanyi, ya yabi Yaya har na fara gajiya, sannan ya ce kwamiti ya rufe maganar tunda mai ita ta rasu, tayar da ita ba zai amfani kowa ba. Na ce to allon ma ba zai amfani kowa ba. Na ajiye masa ruwansa na fito. Ba ka yi tsauri ba.

Sai dai ga abin da ya biyo baya. Ashe mai tabarau ne ya rubuta allurar nan tun farko. Bayan maganarmu da shugaba ta bazu, sai ya zo nan gida ya ce in raka shi wurin maginin, shi kaɗai ba zai iya ba. Muka same shi a kan gini, siminti har gira. Yaron nan ya tsaya ya ce, "Ni na yi kuskuren. Likita gaskiya ta gaya maka, ni kuma na sa hannu aka kore ta." Maginin ya ce, "Da ka zo tun tana da rai." Ya juya ya ci gaba da aikinsa.

Duk da haka mai tabarau ya kai maganar gaban kwamiti a rubuce, dole suka nema wa yarinyar abin ji. Kunne ɗaya ya ɗan amsa. Ɗayan an ce an makara. Shi kuma an tura shi wani ƙaramin asibiti can bayan gari. Allo dai babu.

Har yanzu ana sallama a ƙofarmu da ledar magani, waɗanda labari bai kai musu ba. Sai in faɗa musu, mu zauna mu yi kuka tare, su tafi.

Ka ci abinci.
Innarka

*

Inna,

Amin, wa alaikumus salam. Ina lafiya. Ruwa ya ja baya, aiki ya dawo gadan-gadan. Ki ce wa maƙwabciya na gode, ta ci gaba da munsharinta.

Mace aka haifa wa abokin aikina. Da na dawo ya zo yana ta ba ni haƙuri kamar shi ya yi laifi. Na ce masa ya bari.

Na gode da ba ki rage mini komai ba. Mai tabarau kuma, idan kin gan shi, ki ce na ji abin da ya yi. Iyakar abin da zan iya faɗa ke nan a yanzu.

Wurin tsohuwar nan ta gadon kusa na fi tsayawa. Ina karantawa sai na lura ban taɓa ganin Mama tana aiki ba. Ko sau ɗaya. Benci na sani, da ƙofar ofishinta a rufe, da warin maganin da ke jikin rigarta in ta fito. Abin da take yi a bayan ƙofar, kowa a garin nan ya gani sai ni. Na sha samun dama in ce ta shiga da ni, ban taɓa tambaya ba, don ina jin haushin wurin.

To ina roƙon ki abu ɗaya. Masu zuwan nan da ledar magani, da waɗanda suka cika titinmu ba ki san su ba, in sun zauna ki tambaye su yadda ta yi da su. Me ta fara ce musu, yaya take faɗin labari mara daɗi, tana yi musu wasa ko ba ta yi. Ki rubuto mini yadda suka faɗa, ko da kaɗan-kaɗan ne, duk sanda direba zai taso. Kada ki gyara, kada ki taƙaita.

Ni yanzu ba inda nake sauri. Zan karanta a hankali.

Ɗanki